Chevelle LS6, Hemi 'Cuda ko Boss 429: wacce ta fi wuta, wacce ta fi tsada?

Autan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Manyanmu masana mota, ku taimaka ku raba mana gardama. Magana ce ta tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji, na tsakanin 1964 da 1971. Na ɗauko uku: Chevelle SS 454 mai injin LS6 ta 1970, da Plymouth Hemi 'Cuda, da Mustang Boss 429. A takarda Chevelle doki 450 gare ta, 'Cuda 425, Boss kuwa 375 kacal. Amma da an shiga gwanjo sai lissafin ya kife. Wata 'Cuda buɗaɗɗiya ƙirar 1971 an saye ta dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle a 2014, kuma sau da yawa Boss ɗin da ta zo ta ƙarshe a doki tana fin Chevelle kuɗi. To me masu kuɗin nan suke saya ne, in ba wuta ba?

Dillalin Kwatano:
Wa alaikumus salam. Suna suke saya, ƙanena. A rufe taro da addu'a.

Na-Mishigan:
Haba Alhaji, ko zama ba a yi ba za ka rufe. Auta, ka fara ajiye lambobin dokin nan a gefe, domin kowacce da irin ƙaryarta. Kafin 1972 Amurkawa suna auna inji ne tsirara a kan teburin gwaji: ba salansar mota, ba matatar iska, ba wani abu da yake cin ƙarfi a jikinsa. Lambar da ta fito ita ake bugawa a talla. Daga 1972 aka koma auna shi yadda yake zaune a cikin mota da duk tarkacensa, sai lambobi suka zube. Hemi ɗin da kake cewa 425, a 1971 Chrysler, mai Plymouth da Dodge, da kanta ta buga duka biyun: 425 a tsohon ma'auni, 350 a sabo. Inji ɗaya.

Sannan akwai ƙarya ta ɗaya gefen. Kamfanonin inshora sun fara tsawwala wa samari kuɗi gwargwadon ƙarfin motarsu, don haka wasu kamfanonin mota suka riƙa rage lamba da gangan. Ford ta rubuta 335 a kan 428 Cobra Jet, duk wanda ya taɓa taka ta ya san an yi mata rowa. Hemi kuwa tun daga 1966 har 1971 lambarta ba ta motsa daga 425 ba, ko da sun sauya mata kayan ciki.

Autan Fagge:
Yaya, kenan har mujallun mota na lokacin ba abin yarda ba ne?

Na-Mishigan:
Ka ji wannan. GTO ta 1964, wadda yawanci ake cewa ita ta buɗe wannan babin. Dokar cikin gida ta General Motors ta hana saka inji da girmansa ya wuce 330 a ma'aunin cubic inch (shi lambobi irin su 454 da 429 ke nufi) a matsakaiciyar mota. Su John DeLorean na Pontiac suka zagaye dokar: ba su kira ta sabuwar mota ba, suka ce ƙarin kaya ne da mai sayen LeMans zai iya biya, ƙasa da dala 300, a dasa masa injin 389, wato lita 6.4. An yi tsammanin za a sayar da 5,000, aka sayar da 32,450. To motar da aka bai wa mujallar Car and Driver ta gwada a shekarar, wadda ta ba da lokutan da suka girgiza kowa, ba 389 ne a cikinta ba. Injin 421 aka saka mata a ɓoye, tunda daga waje kamanninsu ɗaya. Jim Wangers, mai tallan Pontiac, shi ya faɗa da bakinsa bayan shekaru masu yawa.

Baba Makaniki:
Allah ya shirya. Ashe dillalan can ma haka suke.

Dillalin Kwatano:
Baba, ranka ya daɗe, ban da shaguɓe.

Baba Makaniki:
Ni ban kama suna ba. Auta, ɗana, bari in yi maka maganar gareji. Ni ba ruwana da doki nawa, kabureta nawa nake tambaya. Hemi manyan kabureta biyu gare ta, kowacce baki huɗu. Duk wanda ya taɓa zama ya saita kabureta biyu su yi numfashi tare ya san ba aikin yaro ba ne. Kafin 1970 kuma tafet ɗinta na saitawa da hannu ne, lokaci-lokaci sai an buɗe an gyara. Injin tsere ne aka sa masa lambar titi. In ka yi ta yawo da ita a hankali cikin gari, fulogi zai yi baƙi, ta fara tari. Motar da aka saita daidai babu mai kama ta, amma a cikin goma nawa ne aka saita daidai? Ni a ba ni injin 440 na Chrysler.

Na-Mishigan:
Baba ya taɓo inda yake. A 1964 aka fito da 426 Hemi don NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, Richard Petty ya ci Daytona 500 da ita a shekarar, Plymouth ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Sayar wa jama'a daga baya ya biyo, saboda dokar tsere ta ce sai injin da ake sayarwa a kasuwa.

440 ɗin da Baba yake so, musamman mai kabureta uku da Dodge ke kira Six Pack, doki 390 ne. Na tsaya a kan wata a taron tsofaffin motoci a nan, mai ita ya cire murfin sama yana nuna mana. Kabureta uku a jere, kowacce baki biyu. In kana tafiyar yau da kullum ta tsakiyar kaɗai ke aiki, ta gaba da ta baya suna rufe. Da ya taka totur sosai sai biyun suka buɗe, kana jin yadda injin ya zuƙi iska da wani irin gurnani, motar duka ta karkata gefe ɗaya a tsaye. Daga danja zuwa danja 440 tana yawan riga Hemi tashi. Sai an miƙe hanya, inji ya hau sama, sannan Hemi take zuwa ta wuce.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu ina jira wani ya ambaci Buick, shiru. Wannan rashin adalci ne. GS 455 Stage 1 ta 1970. An rubuta mata doki 360, amma ku dubi ƙarfin ja: 510 a ma'auninsu, Chevelle LS6 500, Hemi 490. Kuma ita tun inji bai yi nisa ba, a juyi 2,800 a minti, take ba da shi duka. Mujallar Motor Trend ta gwada ta a rubu'in mil, mita 402 kenan, ta yi daƙiƙa 13.38. Ga kujera mai laushi, ga shiru a ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dillalin Kwatano:
Buick motar likitoci da 'yan fansho ce, malam. Wane saurayi ne ya taɓa manna hoton Buick a ɗakinsa?

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, tambayar Auta biyu ce: wuta da tsada. Ni ta wuta na amsa. In ana maganar hoto a bango sai a kira ka.

Dillalin Kwatano:
To ai shi ya sa kuɗinta bai kai na 'Cuda ba. Kasuwa ba ta ƙarya.

Ɗan Maraɗi:
Wannan magana daga bakin dillali?

Admin:
Jama'a a yi haƙuri da juna. A ci gaba da mota, a bar sana'ar mutane.

Anti Akanta:
Ku ba ni wuri in shigo ta ɓangaren kuɗi, tunda nan ne tambayar Auta ta fi nauyi. Alhaji ya ce suna, yana da rabin gaskiya. Ni abin da na lura da shi: motocin da suka fi tsada yau, yawancinsu waɗanda mutanen lokacin suka ƙi saya ne.

Ku duba. 'Cuda a 1970 dala dubu uku da 'yan kai ce. In kana son Hemi sai ka ƙara kusan dala 900, ga inshora tana jiran ka a ƙofa. Mai son tsere ba ya son buɗaɗɗiyar mota, domin ta fi nauyi kuma jikinta bai kai mai rufi ƙarfi ba. Mai son buɗaɗɗiya don shan iska kuma me zai yi da injin tsere? Saboda haka kusan babu wanda ya haɗa biyun. A 1970 Hemi 'Cuda mai rufi 652 aka yi, buɗaɗɗiya 14 aka sayar a Amurka. A 1971 buɗaɗɗiyar ba ta wuce dozin ɗaya ba. Wannan dala miliyan 3.5 ɗin ba kuɗin gudu ba ne, mai rufin ta fi ta gudu. Kuɗin rashin masu saya ne a 1971.

LS6 kuwa mutane sun so ta, sun saya, an yi 4,475. Farin jininta na jiya shi ya rage mata kuɗi yau.

Haka Camaro ZL1 ta 1969, mai injin 427 na alminiyam. Guda 69 aka yi. Wani dillalin Chevrolet a Illinois, Fred Gibb, shi ya yi odar 50, da suka iso farashin kowacce ya haura dala 7,000, kuɗin da ya fi na Corvette. Suka zauna masa, da yawa sai mayar wa kamfani ya yi.

Autan Fagge:
Anti, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. To Boss 429 fa? Ita ma ƙin ta aka yi?

Na-Mishigan:
Ita labarinta ya ɗan bambanta. Ford tana son shigar da sabon injin 429 NASCAR, doka ta ce sai an sayar da aƙalla 500 a motocin titi. Suka zaɓi Mustang, alhali injin ya fi ramin faɗi. Sai aka riƙa kai motocin wani kamfani, Kar Kraft, a Brighton ta nan Mishigan, ana buɗa gefen ramin inji da hannu, ana mayar da batir cikin but. Tsakanin 1969 da 1970 ba su kai 1,400 ba. Amma a titi ta ba mutane kunya. Hanyoyin iskarta manya ne, na injin da zai wuni a ƙure, sai aka haɗa su da ƙaramar kabureta. A ƙasa ba ta da kuzari. Mustang Mach 1 mai 428 Cobra Jet, wadda ta fi ta araha nesa, tana iya cin ta a danja. Abin dariyar ma, a NASCAR ba a Mustang aka yi tsere da injin ba, a Torino Talladega da Mercury Cyclone aka saka shi.

Sai dai ka buɗe bonet ɗinta ka gani. Injin ya cika ramin taf, murafan kansa kamar za su taɓa bango hagu da dama. Masu tara motoci wannan kallon suke biya.

Anti Akanta:
Ka ƙara da masu fiffike. Dodge Charger Daytona ta 1969, guda 503, da Plymouth Superbird ta 1970, wajen 1,900 da ɗoriya. Dogon hanci, ga fiffike a baya ya fi rufin motar tsawo. Buddy Baker ya haura mil 200 a awa da Daytona a filin tseren Talladega cikin Maris 1970, sama da kilomita 320. Amma a gaban shagunan dillalai mutane dariya suke yi musu. Wasu Superbird sun daɗe ba a saya ba, har wasu dillalan suka cire hancin da fiffiken don su samu su rabu da su. A 1971 NASCAR ta ce masu fiffike ba za su wuce injin 305 ba, shi kenan zamaninsu ya ƙare. Je ka tambayi kuɗinsu yanzu.

Dillalin Kwatano:
Hajiya, na yarda da lissafinki, amma bai kore maganata ba. Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, GT ce mai injin 390, irinta dubbai aka yi. An kawo ta gwanjo a Florida a Janairun 2020 da tsatsarta da fentinta da ya koɗe, ta tashi dala miliyan 3.74. Wannan ƙarancin inji ne ko suna?

Anti Akanta:
Suna ne, Alhaji, amma sunan da aka tabbatar da lambar shasi. Da ba a iya nuna cewa ita ce ainihin wadda ta fito a fim ɗin ba, kuɗin tsohuwar Mustang mai tsatsa za a ba su. Nan ne nake son zuwa. Harkar nan kamar sayen fili ce: abin da ke ƙasa ɗaya ne, amma mai takarda da marar takarda ba kuɗinsu ɗaya ba.

A Dodge da Plymouth na 1970 da 1971, harafi na biyar a lambar shasi yana faɗa maka injin da aka haife ta da shi. R Hemi ce, V kuma 440 mai kabureta uku. Akwai ƙaramin faranti a cikin ramin inji mai ɗauke da lambobin fenti da kayan da aka saka. Ford da Pontiac kuma bayanan masana'antarsu sun tsira, kana iya biya a binciko maka yadda motarka ta fito. Chevelle ta 1970 ita ce matsala: lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce, balle LS6. Kowa zai iya sayen Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, ya dasa 454, ya manna tambari, ya ja layi biyu a bonet. Shi ya sa Amurkawa ke zolaya cewa LS6 da ke yawo yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Wannan shakkun ma yana danne mata farashi.

Na-Mishigan:
Shi ya sa za ka ga dattijo da furfurarsa ya cire kujerar baya yana laluben cikin waya da soso. A masana'anta akwai takardar da ke bin kowace mota a layi, ma'aikata sukan cusa ta cikin kujera ko ƙarƙashin kafet ko saman tankin mai in sun gama. In aka dace za a same ta ta yi ruwan ƙasa, gefe ya cinye, shatar wayar kujera ta fito a jikinta. Ba a goge ta, ba a miƙe ta da ƙarfi, a leda ake sa ta. Wannan 'yar takardar tana iya raba farashin mota biyu masu kama ɗaya da tazara mai yawa. Sai kuma a duba ko lambar da aka buga a jikin inji da giya ta yi daidai da ta shasi.

Baba Makaniki:
To ni duk wannan bai burge ni ba. Motar da ake tsoron tayarwa kada lamba ta lalace, mota ce ko kayan ado? Kuma ku faɗa wa yaron nan gaskiya game da birki. Da yawansu birkin ganga ne ƙafa huɗu sai in ka biya ƙari, tayoyin kuma sirara irin na da. Inji lita bakwai a gaba, baya ba nauyi. Ta iya miƙewa, ba ta iya tsayawa ba, ba ta iya shan kwana ba.

Na-Mishigan:
Gaskiya ne Baba. Kuma in don gudu ne zalla, Camry V6 ta 'yan shekarun nan mai doki 301 tana yin rubu'in mil a daƙiƙa 14 da 'yan kai, daidai da yawancin motocin nan yadda suka fito daga shago, da AC a kunne. Manyan cikinsu ne kawai suke shiga 13. Challenger Hellcat ta 2015 doki 707 ce, a sabon ma'auni kuma.

Ɗan Maraɗi:
A rubuta cewa Buick tana cikin masu 13.

Autan Fagge:
An rubuta, Yaya. To me ya kashe su ne haka farat ɗaya? Na ga daga 1972 kamar an ɗauke wuta.

Na-Mishigan:
Abubuwa ne suka taru. Inshora ta riga ta kori samari. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta zo, General Motors ta rage matsin injinanta duka a 1971 don su iya shan fetur marar dalma. LS6 matsinta 11.25 ne, shekara ɗaya tak ta yi a Chevelle. Hemi ta tsaya a 1971. Sai takunkumin man Larabawa na Oktoban 1973 ya zo ya ƙarasa, ana layi a gidan mai, wa zai sayi mai lita bakwai? Wadda ta yi taurin kai ita ce Pontiac Trans Am SD-455 ta 1973 da 1974, doki 290 a sabon ma'auni. A shekarun nan an yi ta sayar da waɗannan motoci a banza. Su kansu kamfanonin, Plymouth ta rufe a 2001, Oldsmobile 2004, Pontiac 2010.

Anti Akanta:
Kuma kada wani ya ɗauka farashin hawa kawai yake yi. Ya yi tashin gwauron zabi kafin 2008, da tattalin arzikin Amurka ya girgiza motocin Hemi suka faɗo sosai, wasu da suka saya a sama sun ji jiki. Abin da nake sa wa ido shi ne shekarun masu sayen. Wanda yake da 20 a 1970 yau ya haura 70. Su ne suke biyan kuɗin ƙuruciyarsu. Ina ganin 'yan ƙalilan ɗin nan masu takarda za su riƙe darajarsu, amma na tsakiya, irin su Road Runner mai 383 da GTO ta gama-gari, ban ba su tabbas ba.

Na-Mishigan:
A nan na saɓa da ke kaɗan, Anti. Fina-finan tsere da wasannin kwamfuta sun sa yaran da ba a haifi iyayensu ba a 1970 suna son Charger. Sai dai su ba ruwansu da lambar inji. Sun fi son tsohon jiki da sabon inji da birkin zamani da AC, kuma irin waɗannan ma yanzu suna kuɗi a gwanjo.

Autan Fagge:
To a ce mutum Allah ya hore masa, ya shigo da ɗaya Kano?

Baba Makaniki:
Da wane man? Injin da matsinsa ya haura 11 fetur mai ƙarfi yake so, in ka ba shi namu zai yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya huje. An kuma gina su ne don mai mai dalma, sai an sauya mazaunin bawul. Ga zafin Afrilu, ga gosulo, lagireto zai tafasa kafin ka fita daga Kantin Kwari. Kowane ƙaramin abu sai ka yi oda ka jira. Tun da aka cire tallafi a 2023 ma wa yake wannan maganar? Sitiyarinsu dai yana hagu irin namu, wannan kaɗai ne sauƙin. In tsohuwar mota kake so, nemi 504 ta Kaduna mai lafiyayyen bodi, kowane gari akwai wanda ya san ta.

Dillalin Kwatano:
Ko ya nemi Challenger ta zamani, ana ganin su a Abuja. An daina yin ta a ƙarshen 2023, nan gaba ita ma za ta zama abin nema.

Autan Fagge:
Yaya Na-Mishigan, dama abin da ya sa na tayar da maganar kenan. Wani ya turo mini talla, wai Hemi 'Cuda ta 1970, ja, an rubuta hemi a gefe, kuma kuɗin bai kai yadda kuke faɗa ba ko kusa. Ya ce takardun sun ɓata amma ya turo hoton lambar shasi.

Na-Mishigan:
Kada ka sa lambar duka a nan. Haruffa biyar na farko kawai.

Autan Fagge:
BH23G.

Na-Mishigan:
Ta gaske BS23R take farawa. BH Barracuda ce ta gama-gari, ba 'Cuda ba. G kuma injin 318 ne, lita 5.2, doki 230 a tsohon ma'auni. Ko da akwai Hemi a cikinta yanzu, dasa shi aka yi. Ka ce ya ɗauko maka hoton farantin cikin ramin inji da lambar jikin injin, ka ga ko zai sake amsa waya.

Dillalin Kwatano:
Auta, bar batun Hemi. In bodin ba tsatsa, tambaye shi nawa zai bar ta a matsayin 318, ka same ni ta akwati.